Kunci ya kumbura, baki ya ƙi buɗuwa: abubuwan mamaki bayan cire haƙori

Ranar da aka cire wa mutum matauni, yakan koma gida da auduga a baki yana hamdala, abu ya zo da sauƙi. Sai ya kwana biyu ya tashi ya tarar kunci ya yi suntum kamar mai hangum, cokali ma da ƙyar yake shiga baki. Nan fa hankali ke tashi, a fara zargin likita, wannan ya ce a nemo mai tofi, wancan ya ce a sayo kafso. Alhali kusan duk abin da ke samun fuska a wannan makon yana da lokacinsa da dalilinsa. Wanda ya san lokutan nan shi ke iya raba kumburin da zai sace da kansa da wanda ke iya halaka mutum.

Kumburi ba ya gaggawa

Ba ranar aikin yake cika ba. A hankali yake tasowa, ya kai maƙura tsakanin awa 48 zuwa 72, sannan ya fara sauka, galibi kafin mako ya zagayo fuska ta koma yadda take. Yawansa kuma yana bin yawan aikin da aka yi: haƙorin da aka girgiza ya fito salin-alin ba ya kumbura fuska kamar wanda sai da aka tsaga dasashi aka rage ƙashi.

A gidanmu na ga wannan. An cire wa ƙanwata haƙorin ƙurya na ƙasa ranar Litinin da hantsi, irin wanda ya fito a karkace ya tokare na gabansa. Da yamma har hira take yi. Laraba da asuba ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, hannu dafe da kunci, magana na fita ta tsakanin haƙora: "Yaya, dubi fuskata. Anya ba su bar wani abu a ciki ba?" Kuncin hagu ya cika tun daga gindin kunne har haɓa, fatar sai sheƙi take yi. Na taɓa goshinta, babu zazzaɓi. Na miƙa mata ruwa, ta haɗiye ba wahala. Muka lalubo takardar da aka ba ta a asibiti, wadda ba wanda ya karanta a cikinmu, ga shi nan a rubuce: rana ta biyu da ta uku su ne mafi kumburi. Zuwa Asabar kunci ya sace.

Leɓen da ya ƙara girma a zuci kawai

Kafin kumburin gaske akwai na ƙarya. Da allurar kashe wuri ta kama, mutum zai ji leɓensa ya yi ƙato kamar an hura shi, ya duba madubi ya ga babu abin da ya canza. Idan saƙo ya daina isa ƙwaƙwalwa daga wani sashe na jiki, sai ta riƙa jin sashen ya fi girmansa. Maganin da aka fi yin allurar da shi, lidocaine, wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwidin, Nils Löfgren, ya haɗa shi a 1943, kuma yakan riƙe leɓe da harshe awa uku zuwa biyar.

A cikin awannin nan ake yin ɓarna, musamman yara. Yaro zai ji leɓensa kamar ba nasa ba, ya yi ta tauna shi yana wasa, washegari leɓe ya kumbura da farin gyambo a kai, iyaye su ɗauka allurar ce ba ta karɓe shi ba. A sa masa ido har wurin ya farfaɗo. Manya kuma su dakata da shayi. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, to bakin da aka kashe ba zai ma sanar da mai shi ya ƙone ba sai daga baya.

Alamomi huɗu daga Rum

Tun ƙarni na farko na Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa alamomin wurin da ya harzuƙa a jiki: ja, kumburi, ɗumi da raɗaɗi. Daga baya aka ƙara ta biyar, wato gaɓa ta daina aikinta. Kuncin wanda aka cire wa haƙori yana nuna duka biyar ɗin, kuma muƙamuƙin da ya ƙi buɗuwa shi ne ta biyar. Jiki ne ya buɗe hanyoyin jini ya turo ruwa da ƙwayoyin gyara zuwa wurin rauni.

Yatsu uku

Ga ma'aunin da kowa ke yawo da shi. Jera yatsunka uku, manuni da na tsakiya da na zobe, ka sa su a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Idan sun shiga, bakinka na buɗuwa daidai, wato kimanin milimita 40 zuwa 50 ga babba. Idan buɗuwar ta gaza milimita 35, likitoci na kiran abin trismus, kalmar da ta fito daga harshen Girka, daga ƙarar da haƙora ke yi in ana goga su da juna. Da yatsun mai bakin ake aunawa, ba na wani ba, domin hannun mutum yakan dace da girman bakinsa.

Amfanin wannan awo shi ne a riƙa yin sa kowace safiya. Ƙanwata ranar Laraba yatsa ɗaya da ɗan ƙari ke shiga, Juma'a biyu, a mako na biyu uku suka shige. Buɗuwar da ke ƙaruwa kullum, ko da kaɗan-kaɗan, alama ce mai kyau. Wadda ke raguwa bayan kwana uku ita ce abin komawa asibiti.

Uku na rufewa, ɗaya na buɗewa

Manyan tsokokin tauna huɗu ne a kowane ɓangare na fuska. Uku aikinsu rufe baki, ɗaya ce ke taimakawa wajen buɗewa, tare da wasu ƙanana a ƙarƙashin haɓa. Shi ya sa idan tsokokin suka fusata suka ɗaure, rufewa ke yin rinjaye. Haka abin yake ga kada: cizonsa na karya ƙashi, amma da igiyar roba ana iya ɗaure masa baki ya kasa buɗewa.

Ɗora yatsa a gefen goshinka, sama da kunne kaɗan, ka cije haƙora. Za ka ji wurin ya motsa. Ɗaya daga cikin tsokokin rufe baki daga can take saukowa, don haka mai sandararren muƙamuƙi yakan yi ƙorafin ciwon gefen kai.

Wani abin mamaki kuma, ba sai an cire haƙori ba. Allurar da ake yi don kashe haƙoran ƙasa tana ratsawa ne ta kusa da wata tsokar tauna da ke can ciki. Wani lokaci takan sosa tsokar ko ta huda ɗan siririn hanyar jini, sai mutumin da ciko kawai aka yi masa ya wayi gari bayan kwana ɗaya ko biyu baki ya ƙi buɗuwa. Daɗewa da baki a wangame a kujerar likita ma yana gajiyar da tsoka.

Sanyi tukuna, gashi daga baya

Mu mutanen gashi ne. Targaɗe gashi, ciwon baya gashi, mai jego gashi. Daren da aka yi wa ƙanwata aiki, Inna ta ɗora ruwa a wuta ta ɗauko tsumma, da ƙyar na shawo kanta. "Inna, ki bari sai jibi," na ce mata. Ta ce ita ba ta taɓa jin an yi wa kumburi magani da ƙanƙara ba. Gashinta yana da amfani, lokacinsa ne bai yi ba. A yini na farko zafi buɗe hanyoyin jini yake yi, ya ƙara kumburi, ya kuma iya tayar da jinin da ya tsaya. Sanyi ake so: minti 20 a kunci, minti 20 a huta. Daskararren fiya wata ya wadatar, amma a naɗe shi a tawul ko ɗankwali, domin fatar da allura ta kashe ba za ta ji ba in ƙanƙara na cin ta. Da yake wutar lantarki ba ta da tabbas, a tanadi ƙanƙarar tun kafin a tafi asibiti, ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan awa 48 sai a juya. Nan ne tsumman Inna ke aiki: ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, a dafa a kunci minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini. Shi ke sassauta tsoka ya taimaka wa ruwan da ya taru ya janye. Sai dai kumburin da ke tafe da zazzaɓi da mugunya ba a gasa shi, likita ake kai wa.

Matashi biyu

Kumburi ruwa ne, ruwa kuwa gangare yake bi. Wanda ya kwana a shimfiɗe zai ga fuskarsa ta fi cika da safe, ta ragu zuwa azahar. A ɗaga kai da matashi biyu a dararen farko. Daka, ɗaukar kaya, ƙwallo da duk aikin da ke sa a sunkuya, a ɗaga musu ƙafa kwana biyu ko uku. Ko a sujada mutum zai ji wurin na bugawa, kada ya tsorata.

Mai busa na shekarar 1900

A 1900 wani likita mai suna Turnbull ya ba da labari a mujallar likitocin Birtaniya: an cire wa wani mai busa ƙaho haƙori, bai jira komai ba ya koma busarsa, nan take fuskarsa ta kumbura. Iskar da ya tara a baki ce ta bi ta ramin haƙorin ta shige ƙarƙashin fata. A yau abin da ya fi jawo wannan shi ne injin huda haƙori mai aiki da iska. Ana gane shi da abu biyu. Cikin mintuna yake zuwa, ba kwanaki ba, kuma in an danna wurin sai a ji yana ƙaras-ƙaras kamar ana murza leda. Yawanci jiki na shanye iskar cikin mako ɗaya ko kwana goma, amma tana iya gangarawa wuya har ƙirji, don haka dole likita ya gani.

Da na karanta wannan, masu algaita da kakaki na fara tunawa, waɗanda kumatunsu ke cika kamar za su fashe. Bayan su sai mata masu durƙusawa su hura wutar icce, da yara masu hura balan-balan. Duk su ba wa baki hutu na 'yan kwanaki.

Hanci ma yana ciki. Saiwoyin mataunan sama suna dab da wani kogo da ke cikin ƙashin kunci, mai haɗe da hanci. Wani lokaci cire haƙorin kan bar ɗan ƙaramin rami tsakani, har mutum ya kurɓi ruwa ya ji yana fitowa ta hanci. Idan likita ya ce kada a fyace majina har mako biyu, kuma a yi atishawa da baki a buɗe, dalilin ke nan.

Gudan jinin da ya fi kowane magani

Ramin da haƙori ya bari, gudan jini ne ke toshe shi, kuma a cikin gudan nan sabon nama da ƙashi ke tsirowa. In ya narke ko ya fita da wuri, ƙashi ya zauna a fili, sai a shiga abin da likitoci tun 1896 suke kira busasshen rami. Yana samun mutum biyu zuwa biyar cikin ɗari a cirewa ta yau da kullum, amma a haƙoran ƙurya na ƙasa ya fi haka nesa. Tsakanin rana ta biyu da ta huɗu yake farawa, bayan mutum ya fara jin sauƙi: raɗaɗi mai harbawa har kunne, ga warin baki. Abin mamakin shi ne wannan, wanda ya fi kowanne azaba, sau da yawa ba ya tafe da kumburin a-zo-a-gani. Fuska lafiya lau, mai ita kuwa ba ya barci.

Masu shan sigari da shisha sun fi kamuwa, haka mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa. Kurkurar baki da ƙarfi, yawan tofar da yawu, zuƙar lemo da bututu, da taɓa wurin da harshe ko tsinken sakace, duk ana hana su. Mutane da yawa na tambaya game da alwala. A mazhabar Malikiyya kurkurar baki sunna ce, ba farilla ba, don haka a yini na farko mutum na iya sa ruwan a hankali ya bar shi ya zubo ba tare da wujijjiga shi ba.

Bayan awa 24 sai ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofin ruwa mai ɗumi, a guntsa, a karkata kai dama da hagu, a sunkuya ya zube da kansa. Bayan kowane cin abinci.

Ƙamshin kanumfari

Ƙamshin nan da ke tarbar mutum a ɗakin likitan haƙori, wanda ke tuna masa da kunun zaƙi, na kanumfari ne. Man da ke cikinsa, eugenol, yana kashe zafi, kuma yana cikin haɗin da likita ke cusawa a busasshen rami, raɗaɗi ya lafa cikin ɗan lokaci. Asalin bishiyar tsibiran Maluku ne na Indunusiya, daga baya Zanzibar da Pemba suka shahara da nomanta. Kakanninmu da ke ɗora kanumfari a kan haƙori mai ciwo sun san abin da suke yi. Amma tsantsar man yana ƙona dasashi, kada a tsiyaya shi a sabon rauni.

Jakar shayi

Baki na samar da yawu kusan lita ɗaya a yini, kuma ɗigon jini kaɗan ya isa ya rina shi duka. Jan yawu a daren farko, ko tabo a matashi, ba zubar jini ba ne. In kuwa jinin na tsattsafowa da gaske kuma auduga ta ƙare, a jiƙa jakar baƙin shayi, a matse, a ɗora a ramin a cije minti 30 ba tare da leƙawa ba. Abin da ke ba shayi baurinsa yana tsuke nama ya taimaka wa jini ya daskare. Dangin sinadarin nan ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita.

Tabon da ke tafiya

Jinin da ya kwanta ƙarƙashin fata yana canza launi yayin da jiki ke narkar da shi: ja mai duhu, sannan kore-kore, sannan rawaya. A baƙar fata sau da yawa duhu kawai ake gani. Kuma ba ya zama wuri ɗaya. Tabon da ya fara a kunci yana iya gangarowa wuya, a tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini har saman ƙirji. Cikin mako biyu yake ɓacewa.

Abarba

An yi yayin shan ruwan abarba kwalba-kwalba a TikTok kafin a je cire haƙorin ƙurya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Abarba na da wani sinadari, bromelain, mai narkar da nama, shi ke sa harshe ƙaiƙayi in an ci da yawa, kuma an gwada shi a matsayin ƙwaya aka ga yana ɗan rage kumburi. Sai dai ruwan kwali an dafa shi kafin a rufe, zafi kuwa kashe sinadarin yake yi. Abin da zai rage wa mutum shi ne sukari da tsamin da zai yi wa rauni zogi.

Inda ake gwada magungunan ciwo

Tun shekarun 1970, idan kamfani ya haɗa sabon maganin raɗaɗi, ɗaya daga cikin wuraren da aka fi gwada shi shi ne kan matasan da aka cire wa haƙorin ƙurya, saboda ciwon kusan iri ɗaya ne ga kowa kuma an san lokacin zuwansa. Daga irin gwaje-gwajen nan aka tabbatar cewa haɗa farasitamol da ibuprofen yana aiki ƙwarai, har ya fi wasu magungunan masu sa maye. Shi ibuprofen, Stewart Adams da abokan aikinsa ne suka samar da shi a Nottingham ta Ingila, ya shiga kasuwa a 1969. Amma ba na kowa ba ne: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su tambayi likita tukuna. Mai sikila, mai ciwon suga da mai hawan jini kuma su faɗa tun kafin a taɓa haƙorin.

Abu biyu ke ba ni takaici a nan. Na farko, ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi. Ba ta aiki ta nan, ƙona naman kawai take yi ya yi fari fat. Na biyu, garzayawa kemis a sayo kafso da an ga kunci ya tashi. Kumburin kwana ukun farko ba ƙwayoyin cuta ne suka kawo shi ba, saboda haka kafso ba shi da abin da zai kashe. Abin da aka san yana rage shi sosai shi ne irin su dexamethasone, wanda likita kan bayar sau ɗaya lokacin aikin in ya ga da buƙata.

Tarin 'yan katako

Muƙamuƙin da ya ɗaure ba a barinsa zaune, ba a kuma ɓanɓare shi da ƙarfi. Daga rana ta uku, bayan an gasa, a buɗe baki a hankali har inda aka ji ja amma ba zafi ba, a riƙe daƙiƙa kaɗan, a karkata haɓa dama da hagu, sau da yawa a yini. A asibiti akwai wata dabara mai arha: 'yan katakon nan da likita ke danne harshe da su, a jera su a tara tsakanin haƙora iya yadda baki zai ɗauka, gobe a ƙara ɗaya, jibi a ƙara wani. Likitocin zamanin da kuma suna da wani abu mai siffar mazurari da zare kamar na ƙusa, ana murza shi tsakanin haƙora yana buɗe su kaɗan-kaɗan. Har cingam mara sukari ana ba wanda allura ce ta ɗaure masa tsoka. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu baki ke sakewa.

Kafin nan, ƙaramin cokali da abinci mai laushi: koko ko kunun da ya huce, kindirmo, fate, dafaffen ƙwai, ayaba. Ƙuli-ƙuli, aya, kilishi, rake da goro su jira. Riɗi da gyaɗa kuwa, ɓarɓashinsu ramin yake nema.

Bakin da ya ƙi rufuwa

Akwai kishiyar matsalar. Muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne mai mahaɗa biyu, ɗaya gaban kowane kunne, kuma in aka wangame baki fiye da kima yana iya gocewa ya maƙale a buɗe, yawu na zuba. Wata takardar likitanci ta tsohuwar Masar, wadda ake kira da sunan Edwin Smith, da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin Miladiyya, ta bayyana yadda ake mayar da shi: manyan yatsu a cikin baki, sauran a ƙarƙashin haɓa, a tura shi ya koma gurbinsa. Har yau kusan haka ake yi a asibiti. Wanda ya san muƙamuƙinsa na gocewa ya faɗa wa likita tun da fari, ya kuma riƙa tallafe haɓa in zai yi hamma.

Wani lokaci kuma, ba kasafai ba, allura kan zarce ta isa inda jijiyar motsa fuska ta ratsa. Sai gefen baki ya saki, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, mutane su fara salati suna cewa shanyewar ɓarin jiki ce. Da maganin ya sake, cikin 'yan awanni, fuska ke dawowa. Idon kawai ake rufewa kada ya bushe.

Az-Zahrawi da masu gaggawar cirewa

Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rayu a Ƙurɗuba ya rasu wajen 1013, ya zana kayan cire haƙori da na kankare shi a littafinsa At-Tasrif mai juzu'i 30. Ya ja kunne kada a yi saurin cire haƙori sai an rasa yadda za a yi, ya kuma soki masu fizgar sa da ƙarfi har su karya shi ko su karya ƙashi. Shekara dubu ke nan, kuma har yanzu a ƙauyuka da kasuwanninmu akwai waɗanda ake cire wa haƙori da filaya a ƙarƙashin bishiya, domin likitan haƙori ya yi musu nisa ko tsada. Saiwar da ta karye ta zauna a ciki da ƙarfen da ba a dafa ba, su ne mafarin kumburin da ba ya sauka.

Ba kowane sarƙewar baki ne na haƙori ba

Cutar sarƙewar haƙora, wato tetanus, da muƙamuƙi take fara sallama. Ƙwayarta na zaune a ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta rauni, ko da ƙusa ce aka taka mako biyu baya aka manta. In baki ya ɗaure, wuya da baya suka sandare, jiki na fizga, ba maganar haƙori ake yi ba. Allurar rigakafi ke kare mutum daga ita.

A Indiya da maƙwabtanta, yawan tauna wani ƙwallo da ake kira areka kan mayar da naman cikin kunci tauri kamar jemammiyar fata, baki ya riƙa tsukewa shekara bayan shekara. A wajenmu kuma akwai noma, zaizayar baki, mai cin fuskar yaran da yunwa ta raunana. Da yawa daga waɗanda suka tsira tabon kan ɗaure musu muƙamuƙi, su girma ba sa iya buɗe baki sai an yi tiyata. Asibitin yara masu noma da ke Sakkwato tun 1999 yake wannan aiki, kuma sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Kumburin da ba a kwana da shi

Kumburin da ya sace sannan ya dawo, ko da bayan mako uku ko huɗu ne, na ƙwayoyin cuta ne. Haka wanda ya wuce kwana uku yana ci gaba da girma, ko ya zo da zazzaɓi, ko mugunya, ko ya haura har ido ya fara rufewa.

Mafi hatsarinsu shi ne wanda wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana a 1836, har yau da sunansa ake kiran cutar. Yawanci daga mataunan ƙasa na baya take tasowa, ko an cire su ko ba a cire ba, domin saiwoyinsu na kaiwa ƙasan shimfiɗar baki. Ba kunci take kumburawa ba. Ƙarƙashin haɓa take cikawa, dama da hagu, wurin ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago ya koma baya yana toshe maƙogwaro. Kafin zuwan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, fiye da rabin waɗanda ta kama ba sa tashi, kuma shaƙewa ke kashe su. Cikin awanni take aikinta.

Idan mai ciwon haƙori ya kasa haɗiye yawunsa har yana dalala, murya ta canza kamar mai dankali da zafi a baki, ko ya ƙi kwanciya saboda numfashi na yi masa wuya, ba a jiran gari ya waye, ba a kuma tsayawa a kemis. A nemi mota a kai shi babban asibiti, sashen gaggawa. A hanya kuma a bar shi a zaune ya ɗan sunkuya gaba, kada a kwantar da shi rigingine.